Ranar da Aka Roƙi Ushar

Kafin in fara ina da roƙo ɗaya. Kada wadda ta rubuto min a ƙasa cewa, "Allah sarki Maral, ai niyyarki mai kyau ce." Na ƙoshi da wannan maganar. Ita na riƙa faɗa wa kaina har na aikata abin da na aikata. Yarinyar da ta ƙulla yadda za a raba mahaifinta da abin da ke riƙe da shi a tsaye, ta kuma zuba masa shayi tana murmushi, ba lallashi take buƙata ba. Ku karanta kawai.

Sunana Akmaral, ana ce min Maral. A birnin Almati muke, hawa na huɗu na wani bene, ni da Mama da Baba da Ushar. Ushar karen Baba ne. Tazi ne, irin siraran nan masu dogayen ƙafafu da gashi a kunne kamar tuntu. Mu ba ma lissafa tazi cikin karnuka. Kakata da ba ta yarda kare ya gifta inda take salla, tazi a gefen murhunta yake kwana.

Baba makanikin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya. Bai daɗe da ajiye aiki ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Hannun hagu ya mutu rabi, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Ya zauna a kujera gaban taga da bargo a gwiwa, yana kallon duwatsu daga safe har yamma. Likita ya ce ya riƙa tafiya, Baba ya ce, "In je ina?" Sai wani tsohon abokin aikinsa ya zo da ɗan kwikwiyo cikin hular sanyi, ya ɗora masa a cinya, ya sha shayi ya tafi abinsa.

Tazi ba ya zama. In bai yi gudu ba, takalma zai ci. Ya ci na Mama, ya ci nawa. Dole Baba ya sauka da shi tsakar gida, daga nan bakin titi, daga nan lambun unguwa. Da bazara ta zagayo, sai ga mu a hanyar Kok-Jailau.

Cikin hanyoyin gandun dutsen, ita masu karnuka suka fi so. Tana da faɗi, akwai ruwa a hanya, a sama kuma fili ne shimfiɗe inda kare zai yi gudu har ya gode Allah. Baba kan ɗaura igiyar a ƙugunsa. In hawa ne, Ushar ya shiga gaba ya ja shi a hankali. In gangara ce, ya dawo gefen hagu ya manna jikinsa da ƙafar da ba ta da ƙarfi.

Ni kuma ina baya, kowace Lahadi ta Allah, da jaka a gadon baya: filas, gurasa, tsiran naman doki, maganin hawan jini, da ledar kwashe kashin kare. Ledar nan ta fi komai ƙona min rai. Ƙawayena suna barci, ni ina durƙushe a kan dutse da leda a hannu. Yayana Darhan yana Koriya yana aiki, abin da yake aikowa shi ne saƙon murya: "Ƙanwata jaruma, Allah ya biya ki." Allah zai biya ni, shi kuwa yana kwance.

A hanyar nan na haɗu da Abzal. Ya fito da karen yayarsa, wani ɗan mitsitsi sanye da riga ja, wanda ya gaji tun a gindin dutse har Abzal ya cusa shi cikin jaket, kai kawai ke leƙowa. Baba ya tsaya ya dube shi sama da ƙasa.

"Samari, wannan kare ne ko safar hannu?"

"Ranka ya daɗe, tambayar da nake yi wa yayata ke nan kullum."

Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Lahadin da ta biyo baya Abzal ya dawo ba safar hannun, ya karɓi jakata ya goya. Daga nan kun san sauran. Mutum ne mai sanyin magana, injiniyan famfunan ruwa, ba ya rantsuwa, ba ya makara. Aibinsa ɗaya: an mayar da aikinsa Aktau, can bakin teku, inda jirgin ƙasa ke kwana a hanya kafin ya isa. In na aure shi, can zan bi shi.

Wata Asabar muna kicin muna naɗe nama cikin kwaɓin fulawa, ni da Mama da Gwaggo Zauresh, ƙanwar Baba, wadda ba ta taɓa rage murya ba tunda aka haife ta.

"Ke dai ki yi aurenki," in ji ta. "Sa'o'inki suna kai yara makaranta, ke kina bin kare da leda."

"Zauresh, yana jin ki fa," in ji Mama.

"Ya ji mana. Yayana ne, na san shi tun yana da gashi."

Mama ta goge fulawa a gaban rigarta. "Ni ba auren ne damuwata ba, Lahadi ce. Gwiwata ko benen gidan nan ba ta hawa sai da hutu. In Maral ta tafi, wa zai bi shi? Kin san ba zai zauna ba. Karen nan na fara kuka a bakin ƙofa zai ɗauki sanda. Ga sanyi na zuwa, hanyar za ta koma gilashi. Wata rana waya kawai za a yi min."

"Sai a sayar da karen."

"Tazi? A sayar? Je ki faɗa masa da bakinki in kin gaji da zumunci."

Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya. "To sai dai wani baƙo ya roƙa!"

Wasa ta yi. Kafin ruwa ya tafasa ta koma zancen tsadar man shanu. Ni ce na tsinci maganar na adana.

Al'adarmu da ake kira kalau take nufi. Babban baƙo in zai tashi, maigida kan tambaye shi ko idonsa ya faɗa kan wani abu a gidan, abin da ya ambata kuma ya zama nasa. Mutanen birni sun mayar da abin gaisuwa: a tambaya, baƙo ya ce lafiyarku kawai nake so, a yi dariya a watse. Baba ba ya cikin masu wasa da ita. Ya taɓa sauke dardumar bango da Mama ta zo da ita daga gidansu ya naɗe wa baƙo, shi da Mama suka daɗe ba sa magana sai ta bakina.

Iyayen Abzal kuma suna shirin zuwa sa min 'yan kunne, wato baiko a wurinmu. Mahaifinsa, Kairbek, makiyayi ne a Kegen, maharbi kuma.

Washegari a kan dutse, Baba da Ushar sun yi gaba, na ja hannun rigar Abzal.

"Zan faɗa maka wani abu, amma ya tsaya tsakaninmu. Baba ya gaji da karen nan."

"Baba? Da Ushar?"

"Nauyi ya yi masa yawa. Kunya ce ta hana shi faɗa, saboda kyauta aka ba shi. In Ata, mahaifinka, ya zo, Baba zai yi masa tambayar kalau. Ka ce ya ambaci Ushar. Taimako ne zai yi masa."

Abzal ya kalli bayan Baba can gaba, ya kalle ni. "Kin tabbata, Maral? Ni ban ga alamar gajiya ba."

"Ubana ne ko naka?"

Ya yarda da ni saboda bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Tsoron kada Baba ya faɗi gaskiya ne, ban ƙirƙire shi ba. Amma ba shi kaɗai ne a raina ba. Ina so in tafi Aktau ba tare da kowace safiyar Lahadi ta tashe ni da tunanin wani tsoho a kan ƙanƙara ba. In babu kare, babu dutse. In babu dutse, Baba zai koma kujerarsa gaban taga, inda ba a faɗuwa, ni kuma in yi barcina. Na san abin da kujerar nan ta yi masa a baya, da idona na gani. Duk da haka na zaɓa masa ita. Masu cewa ƙauna ce ta sa ni, ku gyara maganarku. Son jiki ne ya ari rigar ƙauna.

Ranar da suka zo, na sa doguwar riga launin madara da 'yar shara ta karan-miski kore mai aikin zaren azurfa, wadda Mama ta sa ranar nata baikon. Gwaggo ta yi min kitso biyu ta ja har idona ya yi ruwa. An haɗa tebura biyu a falo, an rufe da farin ƙyalle. Ga faffaɗar taliya da naman doki a babban faranti, ga soyayyen fanke an watsa ko'ina, ga busasshen inabi da alewa. Aka ajiye kan rago, rabon babban baƙo, gaban Kairbek. Ƙato ne mai jan kumatu da haƙorin zinare, in ya yi dariya kofuna na rawa. Mahaifiyar Abzal ta sa min 'yan kunnen da hannunta mai sanyi, ta sumbaci goshina ta ce, "Tamu ce yanzu." Ni ina zuba shayi rabin kofi rabin kofi, kaina a ƙasa kamar mutuniyar kirki.

Ushar yana ƙarƙashin kujerar Baba, ya ɗora haɓarsa a kan ƙafar hagun.

Da aka yi addu'a aka shafa, Baba ya gyara zama. Sunansa Nurgali, manya kan ce masa Nureke, shi kuma ya kira baƙon yadda ya kamata.

"Kaireke, ka sha hanya, ka girmama gidana. Idonka ya faɗa kan wani abu? Faɗi, kada ka ji nauyi."

Mama har ta fara dariyar da ake yi a wurin.

Kairbek ya shafa gashin bakinsa. "Nureke, tunda ka tambaya. Na zo neman 'ya, an ba ni, kwaɗayi bai bar ni ba. Wancan na ƙarƙashin kujerarka nake so."

Cokalin Gwaggo ya tsaya a hanya. Na ga hannun Baba mai lafiya ya sauka ƙasa ya nemo kunnen Ushar ya riƙe. Fuskarsa ba ta canza ba.

"Naka ne," in ji shi.

Kairbek ya dafa ƙirji.

"Amma ba a ƙofata ba. In na ba ka shi a nan, nan zai riƙa nema. Lahadi mai zuwa mu hau Kok-Jailau tare. Ka karɓe shi a sama, ku sauka ta ɗaya hanyar, ni in sauka ta tawa."

Da baƙi suka tafi, Gwaggo ta same ni a kicin.

"Maral. Dube ni."

"Kofuna nake wankewa, Gwaggo."

Ta daɗe a tsaye a bayana. Ta ce, "Hmm," ta ɗauki jakarta ta fita ba sallama.

Da Baba ya yi faɗa a makon nan, da ya zagi al'ada, da ya ƙi cin abinci, da na sami sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya shafe abin wuyan Ushar da mai. Ya sa Mama ta ƙara wa rigar sanyin karen auduga, wai Kegen ta fi nan iska. Ya riƙa maimaita min abubuwa don in faɗa wa Abzal: ba ya cin abinci da zafi, yana tsoron tsawa, in ya yi gudu a ƙanƙara a duba tsakanin yatsunsa. Mama tana ɗinki tana share hawaye tana cewa, "Wataƙila haka ya fi," ba ta san da wa take magana ba.

Wata safiya zan tafi aiki na tarar da Baba zaune a kan matakala tsakanin hawa na uku da na biyu, shi kaɗai, yana haki. Ya rufe Ushar a ɗaki ya fito gwada sauka ba shi.

"Wuce, za ki makara," in ji shi. "Hutawa nake."

Ina jin kukan Ushar ta bayan ƙofa har na isa titi.

A kantin magani nake aiki. Lokacin hutun rana na shige bayan kanta na ciro waya na tura wa Abzal saƙo.

"Abzal, ka ce wa Ata ya fasa."

"Ya fasa me?"

"Karen."

"Maral, har ya gina masa ɗaki ya shimfiɗa ciyawa. Duk Kegen sun ji surukinsa ya ba shi tazi."

"Ka dai roƙe shi."

"Mutum ya roƙa a gaban jama'a, an ba shi, ya dawo ya ce ba ya so? Zagi ne ai. Sai dai in akwai dalili. Akwai?"

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Yana ganin ina rubutu, yana jira.

"Ke kika ce Baba ya gaji da shi. Haka ne ko ba haka ba?"

Na tura masa hoton zuciya.

Ku 'yan matan da ake yi wa tambaya ku tura zuciya, ku san abin da kuke yi. Ƙarya ce, an dai shafa mata ja. Na san abin da nake tsoro: in na faɗa, Kairbek zai gane an yi amfani da shi a gaban kan rago, kuma mutum irinsa ba ya manta wa suruka wannan. 'Yan kunnen da ke kunnena na kare, ba Baba ba.

Lahadi ta zo da dusar ƙanƙara ta fari. Na sa jaket ɗina shuɗi da hular ulu, na ɗaura wa takalman Baba ƙarafunan hana santsi, don hannu ɗaya ba ya iyawa. Ina durƙushe ya dafa kaina ya kira ni da sunan shagwaɓa ya ce, "Maraltai, ke kaɗai kika san abin da karen nan yake a wurina." Na ƙara jan maɗaurin don kada in ɗago.

Mun tarar da Abzal da mahaifinsa a gindin dutse. Kairbek ya zo da doguwar rigar fata da igiyarsa ta gashin doki a naɗe a kafaɗa, don tsohuwar igiya a hannun mai ita take zama. Ya fara hawa yana surutu, yana ba da labarin dilolin da Ushar zai kamo masa, yana yi wa mutanen birni dariya da sandunansu biyu-biyu.

"Dubi wancan, Nureke! Ƙafa huɗu gare shi, har yanzu haki yake!"

Hanyar ta cika da masu karnuka kamar kullum. Wata tsohuwa da muke haɗuwa da ita duk mako, mai farin kare mai gashi, ta ɗaga sanda daga nesa. "Ushar ya fito da Nurgali shan iska!" Baba ya ɗaga mata hula.

Da muka kai hawa mai tsayin nan da ke cikin dogayen itatuwa, inda rana ba ta shiga, ƙasa ta daskare. Ushar ya shiga gaba, igiyar ta miƙe. Ya ja, ya tsaya Baba ya ɗora ƙafar hagu, ya sake ja. In Baba ya tsaya numfashi, shi ma ya tsaya ya waiwayo. Na lura surutun Kairbek ya fara raguwa.

"Wa ya koya masa wannan?"

"Ba kowa," in ji Baba.

Daga nan Kairbek bai ƙara ambatar dila ba.

A sama fili ya buɗe fari fat, birni na can ƙasa cikin hayaƙinsa. Baba ya kwance Ushar ya ce, "Je ka." Ya tafi kamar an harba shi, ya zagaye filin, ya dawo da ƙanƙara a hanci. Na zuba shayi ba wanda ya sha. Abzal yana neman idona, ni ina neman murfin filas da ke hannuna.

Baba ya naɗe tsohuwar igiyar ya sa a aljihu. Ya karɓi ta Kairbek, ya durƙusa da ƙyar, ya ɗaura da hannu ɗaya ya ja ƙullin da haƙori. Abzal ya matso zai taimaka, Baba ya ture shi. Ya miƙa wa Kairbek bakin igiyar.

"Allah ya sa ya yi maka albarka."

Kairbek ya ja a hankali. Ushar ya zauna. Ya sake ja yana kiransa da harshe, Ushar ya ja ciki ya koma ya kwanta a kan ƙafar Baba ta hagu.

"Tafi," in ji Baba.

Ya kaɗa wutsiya.

"Na ce tafi!"

Baba bai taɓa dukan kowa a gabana ba, ko ni ko Darhan. Ya ɗaga sandarsa ya buga ƙasa. Da Ushar bai motsa ba, ya sake ɗagawa ya sauke masa a haƙarƙari. Ƙarar da ya yi har yanzu tana kunnena. Ya yi tsalle gefe, ya tsaya yana rawar jiki, sannan ya rarrafo ya dawo kan ƙafar. Baba ya sake ɗaga sandar, hawaye na bin gemunsa.

Kairbek ya cafke ta a sama.

"Sauke, Nureke. Cikin karnuka na girma. Wanda ya gaji da karensa ba haka yake yi ba."

"Gaji? Wa ya ce na gaji?"

"An ce min nauyi ya yi maka yawa, kunya ta hana ka faɗa. In ba haka ba, ni mahaukaci ne da zan roƙi ƙafar mutum?" Ya juya. "Abzal!"

Abzal bai dube ni ba, ko da gefen ido. Ya cire hularsa ya riƙe, ya fuskanci mahaifinsa.

"Ni ne, Baba. Na ga karen ya ba ni sha'awa, na ƙirƙiri maganar."

Fuskar Kairbek ta yi jawur har kunne. "Kai? Ka sa na ci kan ragon mutum, na miƙa hannu cikin ƙirjinsa? Da wace fuska zan koma gida, ɗan banza?"

Baba ya dubi Abzal tsawon lokaci. Muryarsa a ƙasa ya ce, "Saurayin da zai yi wa ubansa ƙarya saboda kare, me zai yi wa 'yata saboda abin da ya fi kare?"

Kun ga ƙofar da aka buɗe min? Ushar zai zauna, Baba zai ci gaba da ganina jaruma, laifi ya hau kan mutumin da ya ɗauka da kansa. Kuma na yi shiru. Ba shirun mamaki ba, shirun lissafi. Na tsaya ina auna ko zan iya rayuwa da shi. Ku sa wannan shirun cikin laifina, don ya fi ƙaryar farko muni.

Abzal yana tsaye kansa ba hula, dusar ƙanƙara na sauka a gashinsa.

"Ni ce, Baba."

Ba wanda ya ji sai da na maimaita.

"Ni na faɗa wa Abzal ka gaji. Bai san ƙarya ba ce. Na ji tsoron in na tafi za ka riƙa hawa kai kaɗai, ka faɗi a hanya ba kowa."

Baba ya juyo gaba ɗaya. "Shi ke nan?"

Da na ce eh, da ya karɓa. Amma ya tambaya ne kamar wanda ya san akwai saura.

"Kuma na gaji," na ce. "Ni ce na gaji, ba kai ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Da kin ce min kin gaji, da na ce ki yi barcinki. Hannuna ne ya shanye, Akmaral, kunnena yana nan."

Tunda nake bai taɓa kirana da cikakken sunana ba sai a gaban likita.

Kairbek ya saki igiyar a ƙasa. "Nureke, riƙe karenka. Na janye, kuma ba wanda zai ji daga bakina."

"A'a. A gaban mutane na faɗa, bayan an yi addu'a. Na bayar." Baba ya sunkuya ya ɗauko igiyar, ya kamo hannuna ya danƙa min, ya rufe yatsuna a kai da nasa. "Ke kika bayar da shi. Miƙa shi da hannunki."

Ya juya ya kama hanyar gangara. Abzal ya yi taku zai bi shi, Baba ya ɗaga sanda ba tare da ya waiwayo ba, Abzal ya tsaya cak.

Ushar ya fara ja yana kuka, igiyar gashin doki tana yankar tafina. Na miƙa wa Kairbek. Ya mayar da hannayensa biyu baya.

"Ba daga hannunki ba, 'yata."

Ina kallon bayan Baba yana ƙanƙancewa, ƙafar hagu na zana layi a cikin dusar ƙanƙara, yana dosar inuwar itatuwan nan inda ƙasa ta daskare. Gefensa na hagu ba kowa. Abin da na ce ina tsoro ke nan, kuma ni na gina shi da hannuna.

Na buɗe yatsuna.

Ushar ya tafi kamar kibiya, igiyar na bin sa a baya. Sai da ya yi rabin hanya na tuna yadda yake yi in ya yi kewar Baba: ba ya tsayawa, da ƙirji yake faɗa masa. Na ƙwala wa Baba kira da duk ƙarfina.

Baba ya riga ya taka ƙanƙarar, kuma bai waiwayo ba.